Ciwon da Ya Raba Mulikatu da Sujada

Har yau akwai masu cewa aljani ne ya kashe matata. A gabana ba sa faɗa, don sun san bakina, amma maganar tana zagayowa ta same ni. To ga amsata na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Wanda kuma yake da mara lafiya irin tawa ya karanta da kyau, wataƙila shi ya tsira da nasa.

Sunana Sabitu. Faci nake yi a bakin titi kusa da tashar jirgin ƙasa, tayar mota, ta Adaidaita, ta babur, duk wadda aka kawo. Boko a aji biyu na sakandare na tsaya, saboda haka mai neman Turancin likita ya nemi wani.

Matata sunanta Mulikatu, ni Muli nake ce mata. Iyayenta Yarabawa ne, amma a Fagge aka haife ta. In na tsokane ta na ce mata Bayarabiya, sai ta ce, “Ni a Fagge aka binne cibiyata. Kai kuwa a kan buhun gyaɗa aka kawo ka daga ƙauye.” Robobi take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, bokiti, baho, kwanduna, kujeru. 'Yarmu ɗaya, Hafsatu, tana aure a Zariya.

Dole in faɗi yadda take sallah, don duk labarin a nan yake. Muli in ta kai goshi ƙasa ba ta gaggawar ɗagowa. Kowa sai ta ambace shi a wurin, iyayenta, Hafsatu, ni, har maƙwabta. Nakan ce, “Muli, kin yi barci ne?” In ta sallame sai ta ce, “Ya fi taka, Sarkin Faci, da kake yi kamar kaza tana tsintar tsaba.” Tana da tabon sallah a goshi, baƙi, kamar an ɗiga mata tawada. Ba ta taɓa yin maganarsa ba, amma na san tana sonsa, don ko hoda ta shafa ba ta rufe wurin.

Bayan Babbar Sallah abin ya fara. Ina cikin cire wata taya sai ga wayar Mama Chinedu, maƙwabciyarta a kasuwa, Kirista ce mai sayar da jakunkuna, sun fi shekara goma rumfa na jikin rumfa. Ta ce, “Oga Sabitu, bar abin da kake yi ka zo. Matarka ta faɗi.” Kafin in isa Muli ta farfaɗo, tana zaune tana faɗa wai an jiƙa mata hijabi da ruwa. A cikin sallar la'asar ne, ta yi sujada ba ta ɗago ba, sai ta kife gefe.

Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, abin da yake ce wa kowa. Aka yi allurai, aka sha ƙwayoyi. Sati bai cika ba ta sake faɗuwa, a gida, a sallar magariba. Muka je wani ƙaramin asibiti a Fagge. Aka auna jini aka ce ba hawan jini, aka ce jininta ne ya ɗan yi ƙasa, aka ɗaura mata ruwa leda biyu, aka ce ta ci alayyahu da hanta. Ta ci. Ta sake faɗuwa a sallar asuba.

Yayata Hadiza ce ta fara haɗa maganar. Ta zo dubiya, ta zauna, ta ce, “Wai ku ba ku lura ba? Ba ta faɗuwa a kasuwa, ba ta faɗuwa a kicin, ba ta faɗuwa a hanya. Sai ta kai goshi ƙasa. Wane irin taifot ne ya san lokacin sallah?”

Wallahi ni ma maganar ta shige ni. Alhaji Tajuddin, wan Muli, mai sayar da atamfa a Fagge, yana wurin, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa ganin dangina da danginta sun yarda a kan abu ɗaya ba, ko a kan yawan barkonon miya, sai ranar. Aka tsaya a kan cewa aljani ne kafiri wanda ba ya son sallah.

Yaya Hadiza ta kawo mai ruƙiyya. Ya yi karatu, ya yi hayaƙi, ya bar mana man zaitun da habbatus sauda. Ya yi ta kiran aljanin ya yi magana, Muli tana zaune tana kallonsa. Da ya gaji ya ce wannan mai taurin kai ne, irin waɗanda ba sa amsawa. Bayan ya fita Muli ta ce mini, “Baban Hafsa, na so in ɗan yi masa ihu ko don wahalar da ya sha.” Alhaji Tajuddin shi ma ya kawo nasu malamin, wanda Yarabawa suke kira Alfa. Alfan nan ne ya faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Ya ce tunda sujada ce aljanin ba ya so, to sujada ce maganinsa. Ta ƙara nafiloli, ta ƙara tsawon sujada, a nan ne zai ƙone.

An gaya wa Muli ta ƙara abin da ta fi so a duniya. Ta kuwa ƙara. Faɗuwar ta ƙaru. Har ta kai in na ɗago ta leɓenta ya yi baƙi, gumi ya jiƙe mata wuya, ƙirjinta yana bugu kamar injin da ya sha iska. In na faɗa musu sai su ce, “Alhamdu lillahi, ka gani, ya fara jin jiki.” Haka muka ci kusan wata biyu.

Kada wani ya ce na zagi malamai. Ban zagi karatun Alƙur'ani ba, shi nake so a yi mini ranar da na kwanta. Tsohon limamin masallacin layinmu, Allah ya saka masa, tun farko ya ce mini, “Sabitu, a yi addu'a, amma a haɗa da babban asibiti. Jiki ma yana da nasa haƙƙin.” Shi kaɗai ya faɗi haka, kuma muryarsa ba ta kai ta sauran ƙarfi ba.

Wata safiya a kasuwa tana shan shayi, kofin ya suɓuce daga hannunta. Hannun ya saki, idonta na hagu ya yi duhu. Kafin shayin da ya zube ya bushe komai ya dawo daidai. Wannan karon ba sallah take ba. Mama Chinedu ba ta ma kira ni a waya ba, Adaidaita ta hau ta zo har wurin facina, ta tsaya a kaina.

“Oga Sabitu, yau ba sallah take yi ba. Yanzu me za ku ce?”

Na ce, “Madam, abin na iska ne, ba ki san shi ba.”

Ta ce, “Iska kai ne ka san ta, kai kake sayar da ita a taya. Ni dai uwata da hannunta ya saki asibiti muka kai ta. Gobe in ba ka kai ta ba, ni zan kai ta, ka zo ka kama ni.”

Washegari muka tafi babban asibiti. Duk wanda bai taɓa bin layin kati ba kada ya ce ya san haƙuri. Ka je da sassafe ka tarar mutane sun riga ka, an jera takalma da duwatsu a madadin mutane. Ka samu kati a ce likita sai wani satin. Ga Muli kuma ba ta taimaka ba. Ita ba ta fita sai ta yi kwalliya, ta ɗaura ɗankwali ya tsaya, ta fesa turare. Likitan farko ya dube ta ya dube ni ya ce, “Wane ne mara lafiyar a cikinku?” Aka auna jini lafiya. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, wata doguwar takarda mai zane-zane ta fito, aka ce ba wani abin tashin hankali. Aka tura mu wajen masu duba ƙwaƙwalwa, aka yi hoton kai mai tsada, aka ce wataƙila farfaɗiya ce, aka ba ta ƙwayar da take sa ta barci a rumfa har a ɗauki bokiti ba ta sani ba. Duk wanda muka gani sauri yake, bayanmu layi ne har ƙofa. Ban ce mugaye ba ne. Amma kowa takarda yake kallo, ba wanda ya kalli Muli.

Sai wani zuwa da muka yi muka faɗa hannun wata likita mace, 'yar siririya, da ƙyar ta girmi Hafsatu. Da na gan ta na ce a raina yau ma mun yi asarar kuɗin mota. Ta rufe fayil ɗin, ta juyo da kujerarta.

“Mama, in abin zai zo, me kike yi?”

“Sallah.”

“A wane wuri a cikin sallar? A tsaye, ko a ruku'u, ko a sujada?”

Na ce, “Likita, magani muka zo nema ko karatun Islamiyya?”

Ko kallona ba ta yi ba. Muli ta ce a ruku'u yake fara taɓa ta, a sujada yake gamawa da ita.

“To in kin sunkuya shara fa? Ko wanki?”

Muli ta ce, “Nakan ji jiri. Sai in miƙe tsaye, ya wuce.”

Na juya na ce, “Muli! Ba ki taɓa faɗa ba.”

Ta ce, “Wa ya tambaye ni? Jirin shara ma sai an kai ƙara?”

Likitar ta ce, “A sallah kuma in jirin ya zo ba kya miƙewa.”

Muli ta dube ta kamar ta yi saɓo. “In miƙe ban gama ba?”

Jama'a, ga aljanin nan. A shara in ya taɓa ta sai ta ɗago, ba wanda ya sani. A sujada ba ta ɗagowa sai ta gama ambaton kowa. Abin bai san sallah ba, bai san la'asar ba, bai san asuba ba. Sunkuyo ya sani.

Likitar ta sa abin sauraron ƙirji ta saurari ƙirjin Muli tana zaune. Ta ce ta kwanta a gefe, ta saurara. Ta ce ta tashi ta karkato gaba a hankali, ta riƙe mata kafaɗa, ta saurara ta daɗe. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce akwai wata ƙara da take zuwa in ta karkata, ta ɓace in ta miƙe. Ta rubuta mana hoton zuciya, wanda suke kira eko, irin na'urar da ake duba cikin mai juna biyu, amma a ƙirji ake ɗorawa.

Na asibitin akwai layin makonni, sai muka yi a wani wurin kuɗi a Sabon Gari. Mai hoton yana cikin yi sai ya daina hira, ya fita ya kira wani, suka tsaya su biyu suna kallo. Da muka mayar wa likitarmu ta ce akwai abu, amma hoton waje bai nuna gindinsa ba, sai an yi wani wanda ake zura wa mutum siririyar roba ta maƙogwaro a leƙa zuciyar ta baya. Wannan ma sai da muka jira. Ranar da aka yi Muli ta fito murya a dishe ta ce, “Duk surutun da na yi maka a duniya yau an rama maka.”

Likitar ta kira ni gaban na'ura. Ni dai duhu da fari nake gani, kamar talabijin ɗin da ba ta kama tasha ba. Ta sa yatsa ta ce in kalli nan. Sai na ga wani abu kamar ƙwallon dabino yana lilo, ya shiga ya fito, ya shiga ya fito.

Ta ce, “Baba, ka san bawul?”

Na ce, “Likita, da bawul nake ciyar da iyalina.”

Ta ce to zuciya ma tana da nata, ƙofofi ne da suke buɗewa jini ya wuce su rufe kada ya dawo. Wani tsiro ne ya fito a jikin ɗaya daga cikin bawul ɗin Muli, yana rataye da ɗan siririn gindi. In tana tsaye yana gefe, jini yana samun hanya. In ta kifa sai ya faɗa bakin ƙofar ya toshe, jini ya kasa kaiwa kai, sai ta faɗi. Kuma abin ba shi da tauri, yana ɓarɓashi. Ɗan ɓarɓashin da ya ɓalle ya bi jini, shi ne ya taɓa mata ido da hannu ranar shayi. Ta kira sunansa, miksoma, na sa ta maimaita har ya zauna mini. Ta ce tsiro a zuciya ba kasafai ake ganinsa ba, a jikin bawul kuwa ita a littafi kawai ta san shi sai yau.

Na ce, “Daji ne?”

Ta ce ba daji ba ne. In aka buɗe ƙirji aka cire shi, Muli za ta koma kasuwarta. Amma kafin nan ba ruku'u, ba sujada, ba shara, ba ɗaukar abu a ƙasa. Sallah a kan kujera, da nuni.

Muli ta ce, “Likita, ni da aka ce in ƙara tsawon sujada?”

Likitar ta ce, “Mama, Allah ne ya tsare ki.”

Na fito asibitin nan da daɗi a raina, ban ɓoye ba. Abu ne mai suna, ana ganinsa, ana cire shi. Na kai wa Yaya Hadiza hoton har gida na ce ga aljaninki. Ta juya shi sama ta juya shi ƙasa ta ce, “To wa ya sa tsiron a wurin?” Tun ranar na daina gardama da ita.

Aikin buɗe zuciya ba kullum ake yinsa ba. Sai an haɗa likitoci daga wurare, sai kayan aiki sun cika, sannan a ɗebi mutane kaɗan a yi musu. Aka sa Muli a layi. Kuɗin kuwa ba zan faɗe shi ba, kada mai irin ciwon ya karanta ya karaya. Alhaji Tajuddin ya ɗauki mafi nauyi, bai taɓa goranta mini ba, duk da mun yi shekaru ba ma shan inuwa ɗaya. Matan layinsu a kasuwa suka ba ta kwasar adashin da ba nata ba. Na sayar da injin iskana na biyu. Da aka ce a tanadi jini, 'yan Adaidaitan da nake zagi kullum a kan ba sa biyan faci suka cika mota biyu suka je. Wani a cikinsu da aka soka masa allura sai da ya suma, har yau ana tsokanarsa. Mama Chinedu ta riƙe rumfar Muli tare da tata. Waɗannan mutane ba ni da abin biyansu, Allah ya biya su.

Aka sa rana, aka ɗaga. Wai wani abu a na'urar da take riƙe jini lokacin aiki bai iso ba. Aka sake sawa, aka sake ɗagawa, wai likitocin da za su zo ba su samu zuwa ba. Duk wanda na tambaya sai ya nuna sama da yatsa ya ce ba daga shi ba ne. Har yau ban ga mutumin da yake saman nan ba. Da na gan shi da na ji daɗi, ina da magana da shi.

Wannan zaman jiran shi ne jinyar gaske. Hafsatu ta zo ta yi makonni ta koma ɗakinta. Na koyi shara, na koyi tuƙa amala, Muli tana daga kujera tana ba da umarni, “Wannan amala ce ko faci? Ko taya aka liƙa da ita sai ta kai Legas.” Takalmi ma ni nake sa mata. Ba ta yi ƙorafin ciwo ba, ba ta yi na kasuwa ba. Ƙorafinta ɗaya ne.

Farar kujerar roba ta ɗauko daga cikin kayan sayarwarta, a kai take sallah. Ta ce, “Shekara nawa ina sayar da kujerun nan, ashe tawa nake ajiya.” In ta zo wurin sujada sai ta ɗan sunkuyar da kai, ta tsaya a haka, hannu a gwiwa. Liman ya zo har gida ya gaya mata sallarta cikakkiya ce, ladanta bai ragu da komai ba. Ta ce, “Na sani, Malam. Ba lada nake kewa ba.”

Na yi dabara irin tawa. Na samo wani dogon tebur na shimfiɗa darduma a kai, na ce ta riƙa ɗora goshi a nan. Ta gwada sau ɗaya ta ture. Ta ce, “Baban Hafsa, wannan tebur ne. Ba ƙasa ba ce.”

Wata rana na same ta da madubi. Ta ce, “Zo ka gani. Tabona yana tafiya.” Na duba. Gaskiya ne, baƙin ya fara koɗewa. Na ce ai kin fi kyau a haka. Ba ta yi dariya ba.

Ran Juma'a ni a waje nake samun sahu, a kan ƙasa, don ba na zuwa da wuri. Na dawo wata Juma'a na sa hannu zan kakkaɓe goshina, sai ta ce, “Tsaya, kar ka goge. Matso.” Na matsa, na durƙusa a gaban kujerar. Ta sa yatsa ta kwashe 'yar ƙasar da ta manne mini, ta shafa a goshinta, a daidai tabon. Ta lumshe ido. Daga ranar ya zama ƙa'ida. In na dawo Juma'a ba na taɓa goshina sai na shiga ɗaki. Mutane a hanya su ce, “Malam Sabitu, ƙasa a goshinka.” In ce na sani, saƙo ne.

A irin wannan Juma'ar ce ta roƙe ni. Ta riƙe mini hannu ta ce, “Sau ɗaya kawai. Ka riƙe kafaɗata, in taɓa in ɗago. Ba zan ambaci kowa ba, ko kai.”

Na ce a'a.

“Irin taka zan yi, ta kaza.”

Na ce, “Muli, saura kaɗan. A cire abin nan, in kin ga dama ki kwana a sujada, ni zan kawo miki abinci a wurin.”

Ta saki hannuna. Ta ce, “To, Sarkin Faci. Allah ya kai mu.” Ba ta sake roƙo ba. Na hana ta, kuma da za a dawo da ranar zan sake hana ta, don abin da likita ta ce gaskiya ne. Amma ba na son tuna yadda ta saki hannun nan.

Ba sujada ce ta kashe ta ba, wannan nake so masu maganar aljani su ji. Da hantsi ne, tana zaune a kujerarta, faranti a cinya tana tsintar wake, tana yi mini faɗa a kan wandon aikina da ya yage na ƙi kai wa tela. Tana cikin magana sai kalmomin suka cakuɗe. Na ɗauka wasa take. Sai farantin ya zame, wake ya watse a tsakar ɗaki. A asibiti suka ce wani babban ɓarɓashi ne ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Ta yi 'yan kwanaki ba magana, ido kawai. Ta rasu kafin ranar aikin da aka sa karo na uku ta zo. Likitar nan 'yar siririya ta zo mana gaisuwa har Fagge, ta zauna cikin mata tana hawaye. Na so in ce mata ita kaɗai ce ta tambayi Muli tambayar da ta dace, bakina ya ƙi. To ga shi na faɗa yanzu.

Ga abin da nake so ku riƙe. In mutum yana faɗuwa, kada ku tsaya a kan yaushe yake faɗuwa, ku duba yaya jikinsa yake lokacin, a tsaye ne, a kwance ne, ko a sunkuye. Ku tambayi matanku, don su jiri ba ciwo ba ne a wurinsu, ba za su faɗa ba. In hannu ya saki ko ido ya yi duhu ya dawo, kada ku ce ya wuce. In an auna jini an ce lafiya, an yi takarda mai zane-zane an ce lafiya, ku buɗe baki ku ce a yi eko, ba a kama mutum don ya tambaya. Ku yi addu'a, ku yi sadaka, amma kada wani ya ce muku ƙaruwar ciwo alamar sauƙi ce. Watannin da muka ɓata kafin a gano abin, da su muka rasa layin farko na aikin. Ajali ajali ne, na yarda. Amma watannin nan namu ne, mu muka zubar da su.

Ni na shiga kabarinta, ni da Alhaji Tajuddin. Muka kwantar da ita a gefen dama, fuska ga alƙibla. Alhaji ya fita. Ni na tsaya ina gyara mata kai, sai na ga tsakanin goshinta da bangon kabarin bai fi yatsa biyu ba. Na sa hannu a ƙeyarta na karkata kan a hankali, har goshin ya zauna a jikin ƙasa. Na ce, “To, Muli, ga ta nan. Ki ambaci kowa, ba mai tashin ki.” Daga sama Alhaji yana cewa, “Sabitu, fito mana, jama'a na jira.” Na ce su jira.

Allah ya jiƙan Mulikatu, ya sa ƙasar nan ta yi mata sanyi. Wanda ya karanta ya ce amin.

Kujerar tana nan inda take, Hafsatu ta ce a bayar na ce a bar ta. Har yau in na dawo Juma'a ba na goge goshina a hanya. Sai na shiga ɗaki, in tsaya a gaban kujerar nan da ƙasa a goshi, in rasa wanda zan ba.